Asabar ɗin da na jira bas uku a Makarfi

Ɗana na fari soja ne, amma ba irin mai rataya bindiga yana zare ido ba. Aikinsa shirya tafiya. In za a kwashi sojoji daga bariki zuwa wani gari, shi zai nemo motoci, ya duba taya da birki, ya rubuta wanda zai hau wacce, ya yanke hanyar da za a bi da inda za a tsaya a yi salla. Manya masu tauraro a kafaɗa ma sai sun jira takardarsa. Sunansa ba na faɗa, ɗan fari ne. Amma aikinsa kam, duk garinmu Gazara babu wadda ban faɗa wa ba.

Shekara biyu ban sa shi a ido ba, sai wata Litinin ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa ya rage murya.

"Inna, ran Asabar da hantsi zan ratso ta Makarfi da bas uku, mu nufi Ikara. Ki fito bakin titi wajen masu rake, zan tsaya mu gaisa. Amma wannan magana daga kunnenki sai cikinki."

Na ce, "Ni za ka koya wa riƙe baki? Shekara arba'in ina riƙe asirin ubanka."

To, a gidanmu ba a barin matafiyi ya kama hanya babu sadaka, kuma tun kakata mun san addu'a ba ta tafiya a makance. Sai an faɗa wa malam ranar, an faɗa masa hanyar, ya san inda zai tura ta. Ran Laraba na shiga kasuwar Makarfi sayen shinkafar waina da mazarƙwailar guzuri, na iske tsohon malaminmu zaune a rumfar mai goro. Kunnensa ya yi nauyi da tsufa. Na durƙusa na raɗa masa, ya ce bai ji ba. Na ƙara, ya ce, "Wa zai je Kudan?" Sai na buɗe murya.

"Ikara, Malam! Asabar da hantsi! Bas uku, cike da sojoji, yaron nan ne ya shirya su!"

Ba zan yi ƙarya ba, da na ga kawuna sun juyo, daɗi na ji.

A gefen rumfar akwai wani mutum yana ɗaure buhun burodi da jarkoki biyu a bayan babur. Ya bar igiyar, ya zo ya rusuna da ladabi irin na ɗan gidan mutunci.

"Inna, Allah ya kai su lafiya. Da hantsi kika ce?"

Na ce da hantsi.

"Ta titin Ikara, ko za su koma Tashar Yari?"

Na ce ta Ikara mana, ai ɗana ba ya sake magana. Ya yi godiya, ya ta da babur.

Mai goro ta bi shi da kallo, sannan ta dube ni. "Yaya, ɗan wajenku ne?"

Na ce, "Na ɗauka na nan ne."

Ta ce, "Shekara ashirin ina wannan rumfa. Ban taɓa ganinsa ba. Burodin nan ko tayi bai yi ba. Kuma kin ga babur ɗin babu lamba?"

Na dawo gida, na jiƙa shinkafa, na kasa niƙa ta. Mutum nawa bas uku ke ɗauka? Kowane da uwarsa. Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ban taɓa kiransa da kaina ba tun da na haife shi, kullum shi ke kira, balle in kira in ce na yi abin da ya hana. Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci na danna.

Na faɗa masa duka, har da jarkokin. Sai ya tambaye ni.

"Kin faɗi yawan motocin?"

"Na faɗa."

"To, Inna." Ya kashe.

Bai ce kar in fito ba, don haka ran Asabar na ɗaura zanena mai kyau, na ɗauki ƙullin guzuri, na zauna wajen masu rake. Hantsi ya ɗaga. Motar tumatir ta wuce, motar shanu ta wuce. Can ƙarƙashin wata ɗorawa, a tsallaken titi, babura biyu a tsaye. Masu su ba su sayi komai ba, ba sa hira, titin Zariya kawai suke kallo. Ɗayan yana ta duba waya.

Da aka kira azahar ya tsallako. Mai burodin nan ne. Ya rusuna kamar ran Laraba.

"Inna, ba su iso ba?"

Ni da ake kira in warware rigimar gadon gona saboda ba na manta iyaka, na dube shi na saki baki kamar wadda hankali ya bari.

"Su wa, ɗan nan? Ai tsufa ne. Jiya ma cewa na yi mijina zai dawo, alhali ya daɗe a kushewa."

Ya daɗe yana kallon ƙullin da ke cinyata. Sannan ya yi murmushi, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Suka hau, suka nufi Ikara a hankali.

Bayan kwana uku ɗana ya kira. Ya ce sun sauka lafiya, ya kai kansa gaban babbansa ya faɗi abin da ya yi, ya sha hukuncinsa. Na ce ta ina suka bi? Ya ce, "Inna, ya jikin Malam?"

Tun daga nan ba ya kirana sai ya sauka. In na kai sadaka, cewa nake, "Matafiyi ne, Malam." In ya ce ina za shi, in ce Allah ya san hanyar. Guzurin kuwa masu rake na raba wa. Har yau in na shiga kasuwar Laraba, lambar babura nake fara dubawa, ni da ban iya karanta ta ba.