Kwalbar da Ba a Girgizawa

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin gwaji na jami'a, ta mayar da ƙofa a hankali, ta duba ma'aunin zafi kafin ta amsa gaisuwar kowa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ɗalibai na kiranta Inna. A takardar aiki, mai kula da kayan gwaji ce kawai.

A ɗakin ana nazarin wasu ƙwayoyi masu siffar sanda, waɗanda ido ba ya gani. Ana zuba su a ruwa cikin kwalba tare da wasu da suka fi su ƙanƙanta. Ƙananan na neman wurin yawo, sai su yi ta matse sandunan har su jeru kamar ashana a kwali. Jerin yakan ci sati shida, girgiza ɗaya kuma ta rushe shi.

Bara wata ɗalibar digirin ƙarshe ta rage da kwalba ɗaya tak, wa'adinta saura kwana goma. Sai ga shugaban sashe da baƙi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kwalbar, Inna ta cafke hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, kar ka taɓa."

"Haba Inna, ɗan kaɗa ta kawai zan yi su ga sheƙi."

"Sheƙin nan sati biyar ne na ran baiwar Allah. In kaɗawa kake so, ga gorar ruwa can."

Baƙi suka tuntsire da dariya, shi bai yi ba. Da jerin ya kammala, ɗalibar ta ɗauki hotunansa, ta ci jarrabawa. Inna ta samu takardar gargaɗi, har yau tana cikin fayil ɗinta. Da binciken ya fito, an gode wa shugaban sashe, an gode wa kamfanin na'ura. Ita Inna kuwa, ko harafi.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ba a kuma ɗauki wanda za ta koya wa aikin ba. An ce ana duba lamarin.

Inna, ke ce kika san cewa barin abu ya zauna lafiya ma aiki ne. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu zuwa bayanki su koyi riƙe hannun riga, ko na wane ne. Sashe kuma ya cire takardar nan daga fayil kafin Inna ta miƙa makulli.