Yadda Mai Guga Ya Shanya Tarihi

Kun taɓa tambayar yaro abin da ya karanta yau, ya buɗe baki, har shayinku ya huce bai kai rabi ba? To, wannan ce matsalar gidan Mai Guga, kuma saura ƙiris ta raba shi da 'yarsa.

Shekara goma sha tara Mai Guga ya yi yana wanki da guga a tsakar gidansa. Gida ashirin da shida ke kawo masa kaya. Yana da dutsen guga biyu, baho huɗu, igiyar shanya goma sha ɗaya, da fegin maƙale shanya ɗari biyu da arba'in, ban da waɗanda suka karye. Abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa kai wandon wani gidan wani ba.

'Yarsa ɗaya ce, shekararta goma sha biyu. Rediyo ake ce mata, domin tun da ta iya magana ba wanda ya gano inda ake rage mata murya. Tana da ciwon sikila, makaranta mafi kusa kuma sai an hau mota biyu. Da aka kwantar da ita asibiti sau uku a zango ɗaya, iyayen suka ce a gida za ta ci gaba da karatu. Uwar, wadda ke aiki a shagon magani da rana, ta ɗauki lissafi da kimiyya da safe. Tarihi ya faɗo kan uban, a kan cewa ai labari ne, ko yana guga zai iya ji.

Haka kuwa aka yi. Rediyo ta karanta babi da ƙarfi, ta rufe littafi, ta maido masa shi kaf daga ka. Shi kuma yana fesa sitati yana jin daɗi, ya haifi mai kai.

Sai Goggo ta zo. Yayar Mai Guga ce, tsohuwar shugabar makaranta, shekara talatin da ɗaya tana riƙe da alli. Ta ajiye agogonta a kan teburin guga, ta ce Rediyo ta faɗa mata abin da ke cikin babi na shida, labarin wani tsohon gari na bakin kogi. Rediyo ta ja numfashi ta fara. Minti talatin da bakwai. Har lambar shafi ta faɗa, da rubutun da ke ƙarƙashin hoto.

Goggo ta ɗaura agogonta ta ce, “Wannan ba karatu ba ne, ɗaukar kaya ne. Ta ɗauko babin a ka, amma ba ta san me ke ciki ba.”

Abin da take so shi ne shafi ɗaya: manyan kanu, ƙanana a ƙarƙashinsu, kowane bayani a inda ya dace. Ta ba da mako uku. In ba a yi ba, za ta tafi da yarinyar gidanta, inda makaranta ke bayan katanga, asibiti kuma ba nisa. Tafiyar awa biyar ce daga nan. Abin da ya fi tayar wa Mai Guga hankali shi ne Yaya ba mugunta take yi ba, maganarta a kan hanya take, kuma bai taɓa kayar da ita a gardama ba tun yana rarrafe.

Da farko ya ce wa Rediyo ta taƙaita. Ta taƙaita kuwa: minti goma sha tara, ba ta bar kalma ɗaya ba, gudu kawai ta ƙara. Ya ba ta fensir ya ce ta ja layi a ƙarƙashin abin da ya fi muhimmanci. Ta ja wa shafi tara layi daga sama har ƙasa, ta ce duk da muhimmancinsu, in ba haka ba me ya sa aka buga su? Kwana tara suka tafi a haka.

Rana ta goma ruwan sama ya taso ba sallama, suka kwashe shanya a guje suka zube a tsakar ɗaki, tsibi guda, kaya ɗari da arba'in da uku. Mai Guga ya durƙusa ya raba su cikin minti goma sha biyu. Rediyo ta tambaye shi yadda yake yi bai rikice ba.

“Ba na kallon riga in ce riga,” in ji shi. “Gida nake fara nema. Sannan wane ne a gidan. Sannan kayansa.”

Ya tsaya da singileti a hannu, ya maimaita wa kansa maganar a hankali. Kafin ruwa ya ɗauke ya yayyanka kwalin sabulu huɗu, ya sa ta rubuta kowane bayani na babin a kati ɗaya. Kati hamsin da takwas suka fito. Sai ya tambaye ta gida nawa ne suka kawo wanki a wannan babin. Rediyo ta yi shiru na kusan minti guda, abin da uwarta ta ce ya cancanci a rubuta kwanan wata. Daga nan ta ce uku: yadda aka kafa garin, yadda ya yi arziki, da yadda ya mutu.

Aka ware igiya uku. Jan fegi na manyan mutanen gida ne, wato gishiri, jiragen ruwa, kasuwa. Farin fegi na kayansu. Kati arba'in da ɗaya suka sami wuri.

Saura goma sha bakwai, kuma a nan Mai Guga ya yi kuskuren da mai wanki kaɗai zai yi. A sana'arsa ba kayan da ba su da mai su. Akwai katin da ke cewa sarkin garin yana kiwon wani tsuntsu mai dogon wuya. Bai shiga kafuwa ba, bai shiga arziki ba, bai shiga mutuwa ba. Mai Guga ya ce ba zai yar da kayan mutane ba, ya buɗe wa tsuntsu igiya ta huɗu. Launin ƙofar gari ya sami ta biyar. Jakin wani matafiyi ya sami ta shida. Kafin kwana huɗu, igiya goma sha ɗaya duk tarihi ya cinye, wankin gida shida kuma yana jiƙe a baho ya fara tsami. Wani direban bas ya zo karɓar kakinsa, ya tarar da shi a ruwa, jaki kuma yana shan iska a sama. Ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma a saninsa jakin da ya mutu tun zamanin kakanni ba ya sauri kamar mai fita aiki ƙarfe biyar.

Uwar Rediyo ba ta yi dogon bayani ba. Ta janyo wani kwando daga bayan ƙofa ta dire a gabansa. Warin safa ne sittin da uku, waɗanda tsawon shekaru ba gidan da ya ce nasa ne.

“Baban Rediyo, waɗannan igiya ta nawa ka ba su?”

Ya ce ai waɗannan jira suke yi.

“To tsuntsun sarki ma ya jira.”

Rediyo ta yi hawaye kaɗan saboda jakin, ta roƙa a bar shi ko a bakin igiya. Aka tabbatar mata ba yar da shi za a yi ba, duk ranar da aka tambaya yana nan. Kati goma sha bakwai suka shiga kwando, igiya takwas suka koma bakin aikinsu, ita kuma ta kwafe igiya ukun a shafi ɗaya.

Ranar da wa'adi ya cika, Goggo ta sake ajiye agogo. Minti huɗu da rabi. Ba ta yaba ba. Ta bi shafin da yatsa har ta tsaya a layin da ke cewa kogi ya janye, ta ce wannan ƙarƙashin mutuwar gari ya kamata ya zauna, me yake yi a ƙarshen arziki?

Mai Guga ya duƙufa kan guga. Hankici ɗaya ya goge sau bakwai.

Rediyo ta ce, “Goggo, da kogin ya janye ba wanda ya tashi. Jirage ne suka daina zuwa, kasuwa ta bushe. Sai bayan shekara ashirin mutane suka watse. Arzikin ne ya fara mutuwa.”

Goggo ta fita tsakar gida, ta cire katin da hannunta ta maƙala a igiya ta uku. Rediyo ta ce a gafarce ta, ta maido shi ta biyu. Sau huɗu katin nan yana kai da komo, ana buɗe littafi ana nuna wa juna layi. A ƙarshe Goggo ta bar shi inda yarinyar ta sa, ta juyo wajen ƙanenta.

“Yarinyar da za ta ja da ni da hujja ba sai ta bi ni ba. Bar ta nan. Amma duk ƙarshen wata zan zo in ga sabon babi.”

Kafin ta tafi ta ce a ba ta fegi talatin, akwai yaran maƙwabta biyar da take koya wa da yamma. Mai Guga ya ƙirga mata talatin, ya ƙara biyar, sannan ya koma ya tarar dutsen guga ya huce.

In akwai mai dogon bayani a gidanku, ku gwada wannan a makon nan. Babi ɗaya, kwali huɗu, almakashi, da fegi kala biyu. Ku sa agogo kafin a fara, ku sake sawa bayan an gama. Amma don Allah ku tsaya a igiya uku, in ta yi yawa huɗu, kuma ku fara kwashe wankin da ke kai.