Aiken da Matata Ta Yi Mini

Da ƙuraje suka fito wa matata a gabanta, kunya ta hana ta zuwa asibiti, sai ta aike ni Gusau. Na rubuta bayaninta a littafina na ajin yaƙi da jahilci. Ina karantawa a hankali, malamar asibiti ta katse ni.

"Malam, kai ke da ƙurajen?"

Na ce a'a, matata ce, mafarinsu nake son sani.

Ta ce reza na kawo su, ko gumi, ko cutar da ma'aurata ke shafa wa juna. "A takarda ba zan gane ba. Kawo ta, kai ma a duba ka."

Dalili na ukun ya tsaya mini a rai har garinmu Karakkai. Washegari muka zo tare, ni na fara shiga.