Littafin da Ya Riga Mai Shi Fitowa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kudu daga Lima zuwa bakin teku a watan Janairu ya san Don Anacleto Pariona, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai malafa da ke kutsawa tsakanin motoci a wurin biyan kuɗin hanya, littattafai jere a hannunsa har gwiwa, yana ɗaga su saitin gilashi. Daga garin Huancayo na kan duwatsu ya sauko yana saurayi. Ya yi dako a kasuwa, ya tura baron ƙanƙara, ya wanke kwanuka a gidan sayar da kifi, kafin wani ɗan garinsu mai suna Zósimo, mai tsohon injin ɗab'i a wani lungu, ya ɗora masa kaya ya ce je ka gwada.

Kada mu tsaya kwana-kwana, kayan jabu ne. Littafi ya fito a manyan shaguna da safe, kafin rana ta faɗi Zósimo ya kwafe shi a takarda mai araha. Haka Don Anacleto ya ci abinci, haka ya yi aure, haka ya ɗora ɗaki na biyu a kan gidansa da ke San Juan. Karatu ya iya, amma wa ke karatu a tsaye cikin rana da hayaƙin mota? Shi da hannu yake sanin littafi. Ya ɗaga shi sau ɗaya, ya gaya maka ko cikakke ne ko an yi masa ƙwange.

'Yarsa guda ce, Maricielo, budurwa 'yar sakandare, kuma ita kam a cikin littafi take kwana take tashi. Ita da ƙawayenta suna da ƙungiyar karatu, kuma tana ɗaukar kanta a waya tana sharhin abin da ta karanta, matasa suna kallo har daga wasu ƙasashe. Wata rana ya ji ta tana cewa, "Babana harkar littattafai yake yi." Bai gyara mata ba. Gaskiya ma daɗi ya ji, har ya shafa gashin baki.

A bazarar nan babu zancen da matasa ke yi sai na littafi na uku, na ƙarshe, na jerin labarin Masu Gadin Tsibirin Gishiri, wanda zai fito a watan Fabrairu. Shin Nayra za ta koma gida? Shin Tadeo zai rayu? Maricielo ta ishi gidan da tambayoyin nan, har uwarta Doña Hermelinda ta ce in Tadeon nan ba zai zo ya taya ta feraye dankali ba, a ƙyale ta da shi.

Ana saura makonni littafin ya fito, Zósimo ya ja Don Anacleto bayan injin, yana murmushi har kunne.

"Gajere, zo ka ga abin al'ajabi. Mun riga mai shi."

"Daga ina?"

"Kai ɗan sanda ne? Daga intanet. Wani ya sako shi, ni kuma na tare."

Don Anacleto ya ɗauki littafin ya jinjina. Bangon ya yi kyau, babu laifi. Amma na ɗaya da na biyu kowannensu ya kusa nauyin bulo, wannan kuwa shafal. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

"Zósimo, wannan bai ƙoshi ba."

"To ka ba shi abinci mana! Kai marubuci ne? Matar da ta rubuta shi ta gaji, ta taƙaita. Za ka ɗauka ko in ba wasu 'yan talla?"

Nan ne fa wurin. Ya sani, hannunsa ya gaya masa. Amma sai ya hango fuskar Maricielo, ya ga kansa yana shiga gida da abin da duk 'ya'yan masu kuɗin Miraflores ba su samu ba. Ya cusa guda a cikin riga.

Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ta rungume shi, ta ce, "Baba, kai na daban ne! Na gaske ne?"

"'Yata, ni zan kawo miki abin banza?"

Ta cinye littafin a zama ɗaya, ta fito ido jawur. Ta kafa waya, ta ɗaga shi ga duniya, ta ce babanta ne ya samo mata tun kafin ya shiga kasuwa, wanda ba ya son jin ƙarshe ya kashe. Sannan ta fashe da kuka ta ce Tadeo ya mutu a cikin ruwa. Kai, abin ya bazu! Waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba suka yi ta turawa juna. Don Anacleto yana kan titi yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da littafin gaske ya fito, Tadeo yana nan da ransa, har da aure. Abin da Zósimo ya buga ashe wata yarinya ce can wata ƙasa ta gaji da jira, ta zauna ta rubuta nata ƙarshen don nishaɗi, ta saka a intanet da sunanta a kai. Zósimo ya cire sunan ya manna bango.

Sai aka yi wa Maricielo ca. Maƙaryaciya. Mai neman suna. Ina baban naki mai littattafai? Aka yanko wurin da take kuka aka sa masa kiɗa. Ta goge komai, ta daina fita, abinci ma sai uwarta ta tsaya a kanta.

Wata ranar Lahadi ƙawarta Danitza ta zo. Don Anacleto yana bayan labule yana ɗaure kayan gobe, yana jin su.

"Mari, ki faɗa musu gaskiya mana. A wane kamfani babanki yake? Ai su suka cuce ki."

Sannan ya ji muryar 'yarsa, ƙasa-ƙasa.

"Babana ba ruwansa. Ni na samo a intanet na kai aka buga mini. Na yi ƙarya ne kawai."

Labule ne kawai tsakaninsu. Taku ɗaya zai yi ya ce, yarinya, ni ne, a titi nake talla, jabu nake sayarwa. Ya tsaya da igiya a hannu, bai motsa ba har Danitza ta tafi. Dogaran hukuma sun sha korarsa, sun sha watsa masa kaya a kwalta gaban jama'a, bai taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Ji ya yi da ma ƙasa ta tsage.

Doña Hermelinda ba ta raga masa ba. Tana juya shinkafa, ko kallonsa ba ta yi, ta ce, "Ka ji dai da kunnenka. Yarinya ta ɗauki kayanka ta ɗora a kanta. Ka sani ko ba ka sani ba, Anacleto?"

"Na ɗan yi shakka."

"Shakka! Mutumin da ke gane shafi goma sun ɓace ido a rufe? Tafi can."

Washegari bai fita talla ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya hau mota zuwa Miraflores. Shekara da shekaru yana rayuwa da littafi, amma bai taɓa taka ƙafa cikin shagon littattafai ba. Sanyin na'ura ya buge shi, mai gadi ya bi takalminsa da kallo. Ya shiga layi a bayan 'yan mata masu jakunkuna, yana ta sunkuyar da kai kada wani direba ya gane shi. Da aka miƙo masa littafin ya jinjina, ya ji shi dam, yadda ya kamata. Mai shagon ta sa masa a leda, ta haɗa da 'yar takarda. A sana'arsa ba a san wata takarda ba, kuɗi ta taga, kaya ta taga, mota ta wuce. Ya dunƙule ta ya jefa a kwandon bakin ƙofa.

A mota ya yi ta shirya maganar da zai yi. Da ya isa, duk ta gudu. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ya miƙa mata ledar da hannu biyu.

"Ga shi, 'yata. Daga shago."

Ba ta yi ihu ba. Ta zaro littafin, ta juya bayansa, ta buɗe tsakiya ta duba ɗinkin, ta ɗaga shafi ɗaya saitin taga. Yana tsaye yana kallo. Sannan ta leƙa cikin ledar, ta zazzage ta a kan gado, ba abin da ya faɗo.

Ta ɗago ta dube shi, ba fushi a fuskarta, da ladabinta kamar kullum.

"Baba, ina rasit ɗin?"

Ya laluba aljihun riga, ya laluba na wando, alhali ya san babu. Ita kuwa ta mayar da littafin cikin leda, ta ajiye a gefe, ta ce ta gode.