Tsohon Batir da Idon Dada

Ɗigar ruwan kwano a cikin tasa ce ta tashe ni, ɗis, ɗis. Ruwan batir ne. A gidanmu na Nassarawo duk damina ni ke tara shi, maigidana Malam ya ɗura wa tsohon batirin motarsa, wanda kullum yake cirowa ya kwantar a kan katako a ɗaki kamar jariri.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Malam da mahaifiyarsa Dada, muka bar ƙaramar 'yata wajen maƙwabta. Yanar ido ta rufe wa Dada gani tun kafin a haifi yarinyar, ga shi an ce likitan ido na asibitin mishan da ke gaba da Gombi zai tafi hutu ƙasarsu. In muka rasa shi, sai baɗi, in da rai.

Maƙwabta suka tura mu har motar ta kama. Dokar Malam ɗaya ce: in ta tashi, ba a kashewa. Amma a bakin Binuwai ma'aikacin jirgin fito ya ce kowa ya kashe inji. Malam ya roƙe shi da Hausa, ya koma Fillanci, bai ji ba. Muka haye lafiya, kogi cike fal, mata na sayar da ƙosai da busasshen kifi arha kamar kyauta. Da aka zo sauka, sai motarmu ta yi ƙyas ta yi shiru, ga manyan motoci jere a bayanmu.

"Malam, wannan mota ce ko amarya?" in ji wani direba. "Sai an lallashe ta?"

Shi da 'yan fito suka tura mu suna dariya. Na ja mayafi na rufe fuska, Dada kuwa carbinta kawai take ja.

Daga Girei zuwa Song hanya taɓo ce da ramuka, amma dawa ta yi kyau, duwatsu sun yi kore shar. Can sai wata jar fitila ta fara ƙiftawa a gaban Malam, ƙauri ya cika motar. A Song muka sami wani bakanike, mutumin Numan, mai fara'a. Ya taɓa dainamo, wato abin da ke cika batir da wuta, ya janye hannu da sauri. Ya ce batirin ya daina riƙe wuta, sai dainamon ya yi ta ɗura masa ba hutu, shi ya sa ya ɗau zafi. Ruwan sama ba zai mayar da shi yaro ba. In dainamon ya ƙone, kayansa sai Maiduguri.

Malam ya shafa aljihunsa. Na san kuɗin da ya ware na sabuwar rigar salla ne a ciki. Ya leƙa ya dubi Dada, ya ce wa bakaniken, "Ɗora sabon batir."

Murɗawa ɗaya ta tashi! Har Dada ta ce, "Wa ya tura mu?"

Muka sami likita yana nan. Aka yi wa Dada aiki, muka zauna jinya, ina dama mata kunun gyaɗa. Ranar da aka cire bandeji, hannunta kawai take juyawa tana kallo, tana hamdala. Ni na yi kukan.

A dawowa Malam da kansa ya kashe inji a jirgi tun ba a ce masa ba. Abin da na koyo shi ne, lallaɓa abin da ya riga ya ƙare ba tattali ba ne, lafiyayyen da ke ɗauke da shi ake kashewa. Allah ya sa mu gane lokacin da ya dace.

Da muka shiga gida ina kife tasar nan, sai yarinyar ta rugo daga ɗakin kakarta, ta riƙe mini zane.

"Inna, Dada ta ce ashe ina da wushirya irin tata!"