Mai Shara a Deira

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin ajiye kaya a Dubai Investments Park, aka kira ni daga ofishin 'yan sanda aka ce abokina yana hannu. Unguwarmu ɗaya a Kano, kuma ɗaki ɗaya muka kama a Al Warsan. Da aka ce min an kama shi ne yana tuƙi a buge, sai na ce wa ɗan sandan ya ƙara duba sunan da kyau. Mutum muna kwana ɗaki ɗaya da shi, amma ban taɓa sanin yana sha ba. Ni da nake ganin babu abin da ke wuce ni.

Allah ya taƙaita, bai buge kowa ba, ƙarfen gefen titi ya daka. Kotu ta ci shi tara, ta karɓe lasisinsa, sannan maimakon gidan yari aka yanke masa aikin al'umma na 'yan watanni. Zai riƙa sharar titi da safe ƙarƙashin wani mai kula da su. Aka gaya masa ƙarara cewa in ya yi fashi babu dalili, ɗauri zai hau kansa, daga nan kuma sai jirgi zuwa gida. Muka fito muna ta hamdala, har zuwa ranar da aka faɗi inda zai yi sharar, wato Deira.

Wanda ya san Deira ya san rabin Kantin Kwari a can yake yawo. Masu sarin yadi, masu turare, masu haɗa kago, duk namu ne. In ka yi tuntuɓe a Deira da hantsi, kafin azahar za a kira ka daga Fagge a yi maka sannu. Abokina kuwa mutum ɗaya yake tsoro, kawunsa, yayan mahaifiyarsa. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya biya masa karatu, kuma ɗan kasuwa ne da ke zuwa Deira sari lokaci-lokaci.

Sai muka ji ana iya neman a mayar da mutum wata masarautar ya ƙarasa hukuncinsa, kamar dai a ce daga jiha zuwa jiha. Muka zaɓi Fujaira, don ba mu san Bahaushe ko ɗaya a can ba. Jami'in da muka samu ya saurare mu da kyau, sannan ya dubi abokina.

"Habibi, aikinka ya koma can ne?"

"A'a."

"Kana da gida a can? Iyali?"

"Babu."

"To mene ne dalilin?"

Muka kalli juna. Na tattaro duk Turancin da na mallaka don in bayyana masa abin da muke kira kunya, na ƙare ina zufa a cikin sanyin ofis. Ya ce zai miƙa buƙatar, amma sai ɓangarorin biyu sun amince, kuma abin shwaiya-shwaiya ne, wato sai a hankali. Kafin amsa ta fito, kada ya kuskura ya yi fashi.

Haka ya fara fita da asuba cikin rigar masu shara, ya ja hula, ya naɗe fuska da ƙyalle kamar yadda sauran ke yi saboda rana. Ido kawai ake gani. 'Yan garinmu suna wuce shi suna hirarsu, ba wanda ya taɓa waiwayowa. Muna cikin jiran amsa Kawu ya kira ni, ya ce jibi zai sauka, kuma wayar yaron nan ba ta shiga da safe.

Abokina ya ce wallahi ba zai fita ba har Kawu ya koma. Na ce, "In ba ka fita ba ɗaure ka za a yi, sannan ya ji labarin a bakin duniya." Ya ce gara ɗaurin da a ce Kawu ya gan shi da tsintsiya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na ga da gaske yake. Da ƙyar na shawo kansa, bayan na yi alkawarin zan ɗauki hutu in riƙe Kawu nesa da layin da yake shara kullum har ya tashi aiki.

Ranar farko na ci nasara. Na ce abokina yana can wurin aikin kamfani, na ja Kawu muka hau abra, kwale-kwalen garin, muka tsallaka ruwa, na nuna masa shagunan da ya fi ni sani. Rana ta biyu ya dube ni ya ce, "Kai, yawon buɗe ido na zo ne? Yalla, kai ni wurin mai kagona." Ofishin mai kagon kuwa a layin sharar abokina yake.

Na ce mu fara karyawa, ya ce ya karya. Na ce mu bi ta baya, ya ce ƙafarsa ba ta son zagaye. Muna shan kwana na hango abokina a bakin wani shagon taya, ya ba mu baya yana shara. Na shiga tsakaninsu ina zuba surutun da ni kaina ban san kansa ba. Saura kaɗan mu wuce. Sai dai Kawu mutum ne da ba ya wuce ma'aikaci a rana bai yi masa sannu ba. Ya kauce mini, ya matsa kusa da mai sharar, ya ce, "Salamu alaikum, sannu da aiki."

Da ya ɗaga hannu kawai kamar kowane baƙo, da shi ke nan. Amma jikin da ya saba tun yarinta bai tsaya shawara da shi ba. Yana jin muryar ya saki tsintsiya, ya rusuna har ƙasa, hannu a kan gwiwa, kai a sunkuye. Duk faɗin Deira babu mai shara da zai gaida dattijo haka sai ɗan gida.

Kawu ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonsa. Ya juyo gare ni.

"Me ya yi?"

Na faɗa masa, ban rage komai ba.

"Ya taɓa ran wani?"

"A'a, Kawu."

Ya dubi abokina ya ce, "Tashi ka ɗauki tsintsiyarka, kada su ce ka tsaya."

Bai tafi wurin mai kagon ba. Ya koma jikin bango ya tsaya, rana tana dukansa, yana kallon abokina yana shara yana kuka a cikin ƙyalle. Can sai ga wani Alhaji ɗan Kwari ya fito daga shago, suka gaisa, ya ce, "Alhaji, lafiya kake tsaye a rana? Wa kake jira?"

Kawu ya nuna abokina da hannu ya ce, "Ɗana nake jira ya tashi aiki."

Amsar Fujaira ta zo daga baya, an amince. Abokina ya koma ya ce ya fasa, a Deira ya ƙarasa. Mun yi ta fafutukar neman garin da ba wanda ya san shi, alhali wanda ya san shi ɗin ne kaɗai zai iya tsaya masa a rana. Kawu ya rasu yanzu. Har yau in na tuna yadda ya faɗi maganar nan da ƙarfi, don kowa a layin ya ji, sai idona ya cika.