Ni na taɓa maka lamba biyu, Malam Nura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin jera wayoyi a shagon caji da safen nan aka kira ni daga Sheme, wai Malam Nura ya rasu. Zazzaɓin kwana uku kacal.

Malamin firamare ne. Duk ranar kasuwar Yankara wajena yake kawo wayarsa caji, ya zagaya ya yi cefane, ya dawo da rake biyu, ɗaya nawa. Ranar da janaretona ya mutu, shi ya ɗaure shi a bayan mashin ɗinsa har Kankara wajen mai gyara, ko ruwa bai yarda na saya masa ba.

Gem ɗin ƙwallo ɗaya muke bugawa a waya, irin wanda kai ne koci, ka tsara 'yan wasa ka zuba ido. Ni da an ci ni sai in hargitsa komai. Shi kuwa abu ɗaya tak yake canjawa, ya buga wasa biyar, ya rubuta a ɗan littafinsa. Wata huɗu yana wannan gyaran, har ta kai da ƙyar ake zura masa ƙwallo. Kullum yana tsokanata: "Habu, kai ba koci ba ne, ɗan kallo ne."

Abin ya riƙa ci mini rai. Sati uku da suka wuce, da ya bar wayar ya shiga kasuwa, na buɗe gem ɗin. Na shiga can ciki inda ba a cika dubawa ba, na sa ɗan bayansa mai lamba biyu ya riƙa tafiya gaba yana barin baya a buɗe.

Wallahi wasa nake.

Aka fara cin sa ta gefen nan. Bawan Allah ya canja gola, ya canja 'yan tsakiya, ya cika shafuka da rubutu. Ni kuwa ina ta ƙunshe dariya.

Ranar kasuwar da ta wuce ya zauna a bencina, ya daɗe yana kallon littafin. Ya ce, "Habu, mi ya samu 'yan bayana? Ko kaina ne ya fara tsufa?"

Ba da wasa ya faɗa ba, na gani a fuskarsa. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na ce a raina bari in ƙara masa sati ɗaya. Ya hau mashin ya ce, "Sai kasuwa mai zuwa, in da rai."

Na san wasu za su ce gem ne kawai. Amma mutumin ya amince ya bar mini wayarsa, ya tafi yana zargin kansa kan abin da ni na aikata. Wannan ke cina, kuma babu wanda zan je wajensa yanzu.

Malam, kanka lafiya lau yake, tsarinka daidai ne. Ni ne na taɓa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.